KAMA DA WANE BA TA WANE

Bahaushe bai taɓa yarda a raba gado bisa kamannin fuska ba. Idan mutum ya rasu ya bar gida da gona, alƙali ba ya tara samarin unguwa ya shiga duba wanda hancinsa ya yi kama da na mamaci. Abin da yake tambaya shi ne wa ya haifi wa, wa kuma ya haɗa uwa ko uba da wa. Haka nan idan maganar aure ta taso, iyaye kan tashi mutum takanas ya je ya binciko asali, domin sun daɗe da sanin cewa kama da wane ba ta wane. To abin mamaki shi ne, wannan hikima da ake aiki da ita a zaure da gaban alƙali, da zarar an zo kan maganar dabbobi da tsirrai sai wasu marubutanmu su tuɓe ta su ajiye a bakin ƙofa, su shiga rarraba halittun Allah da ido kawai.

Muna magana ne a kan 'yan ƙananan littattafan da ake rubuta wa yara, da filayen ilimantarwa na jaridu da rediyo, da tulin fassarar da ake zubawa a intanet da sunan kimiyya. A irin waɗannan wurare ne ake gaya wa yaro cewa kura 'yar'uwar kare ce, gara 'yar'uwar tururuwa ce, jaɓa wani irin ɓera ne, ayu kuma wani babban kifi ne. Duk huɗun nan babu ko ɗaya da ke daidai. Mu da ke tsayawa gaban allo a makarantun sakandare, mu ne ke karɓar waɗannan yara, kuma kowa ya san cire abin da ya riga ya zauna a kan yaro da harshen uwarsa ya fi koya masa sabo wuya. Saboda haka muka ga ya wajaba mu kawo kukanmu gaban 'yan'uwa marubuta, mu faɗi matsayinmu ba tare da kwana-kwana ba: duk wanda zai rubuta wani abu da Hausa domin ilimantar da jama'a game da halittu, to ya jera su bisa tsatso da zuriya, yadda masana fannin suka komo suna yi tun daga shekarun 1970, ya daina jera su bisa kama.

Daga Kama Zuwa Tsatso

Rarraba halittu rukuni-rukuni ba yau aka fara ba. Al-Jahiz, malamin Basra na ƙarni na 9, a littafinsa na dabbobi ya kasa su bisa yadda suke motsi, wato masu tafiya, da masu tashi, da masu iyo, da masu jan ciki. Al-Damiri na Masar, wanda ya rasu a 1405, mai littafin Hayatul Hayawan, shi kuwa jerin haruffa ya bi. Kowannensu ya yi iyakar abin da zamaninsa ya ba shi iko, ba mu da abin cewa sai sambarka. A Turai kuma, wani masani ɗan ƙasar Suwidin mai suna Karl Liniyas ya fitar da nasa tsarin a 1735. A wannan bugu na farko ya sanya ayu cikin kifaye, tare da ƙattin dabbobin nan na teku da Turawa ke kira wel, domin dai a ruwa suke zaune kuma siffarsu ta kifi ce. Da bincike ya yi nisa aka tabbatar da huhu suke numfashi, haihuwa suke yi, kuma suna shayar da 'ya'yansu nono, sai a bugu na 10, a shekarar 1758, ya kwashe su ya mai da su cikin dabbobi masu shayarwa. Ke nan kuskuren da mai shi ya gyara fiye da shekara 260 da suka wuce, shi ne wasu ke sake dafa wa 'ya'yanmu yau a matsayin sabon tuwo.

Liniyas ya ga halittu suna faɗawa ƙungiya cikin ƙungiya, amma bai bayyana dalili ba. Cals Darwin na Ingila ne a 1859 ya kawo bayanin cewa dalilin shi ne nasaba: jinsunan da suka fi kusa da juna, kakansu ɗaya bai yi nisa ba, waɗanda suka yi nisa kuwa sun daɗe da rabuwa. Sai dai shi ma bai bar wata tsayayyar hanya ta auna wannan kusanci ba. Wanda ya yi wannan aiki shi ne Willi Hennig, Bajamushe masanin ƙudaje, wanda ya fara rubuta littafinsa yana tsare a hannun sojan Ingila a ƙarshen Yaƙin Duniya na Biyu. Littafin ya fito da Jamusanci a 1950, aka fitar da shi da Ingilishi a 1966, daga nan muhawara ta kaure tsakanin masana har ra'ayinsa ya yi rinjaye.

Ƙa'idojin Hennig guda biyu ne, kuma babu wadda ta fi ƙarfin ɗan aji uku. Ta farko, abin da ke shaida kusanci shi ne sabon abin da aka gada tare daga kaka ɗaya, ban da tsohon abin da kowa da kowa ke da shi. Ta biyu, rukuni na gaskiya shi ne kaka tare da dukan zuriyarsa, ba a cire kowa, ba a kuma cusa baƙo.

Wanda duk ya zauna kusa da malaman da ke kwafar littafi da hannu zai gane ƙa'ida ta farko nan take. A ce an kawo kwafi goma na littafi ɗaya daga garuruwa daban-daban. Kasancewar dukansu sun buɗe da bisimilla ba zai nuna wanne ya fi kusa da wanne ba, domin wannan tsohon gado ne na kowa. Kasancewar biyu daga ciki an yi musu jan bango na fata, shi ma ba hujja ba ce, aikin baduku ne. Amma idan aka tarar uku daga ciki sun tsallake layi ɗaya a shafi ɗaya, sun kuma rubuta wata kalma a karkace iri ɗaya, to babu shakka ukun nan daga kwafi guda aka ɗebo su, kwafin da aka fara yin wannan tuntuɓe a cikinsa. To ƙwayar gado da ke cikin jikin kowane mai rai, wadda ake kira DNA, ita ma rubutu ce mai haruffa huɗu, ana kwafar ta daga iyaye zuwa 'ya'ya, kuma jefi-jefi ana tuntuɓen alƙalami. Tun daga 1977 da aka samo hanyar karanta wannan rubutu, masana ke jera na wannan dabba kusa da na waccan suna ƙirga tuntuɓen da suka yi tarayya a kai.

Mu marubuta ma muna da misali a cikin sana'armu. Hausa cike take da kalmomin Larabci irin su littafi da alƙalami da alƙali, amma masana harshe ba su dogara da waɗannan ba wajen gano danginta, domin aro ne. Abin da suka duba shi ne gadon da ba a cika ara ba, kamar "ta" ta tamata, da kalmomi irin su "mutu" da "suna". Da irin wannan ne Joseph Greenberg, a littafinsa na 1963, ya tabbatar da Hausa cikin harsunan Cadi, tare da Bolanci da Badanci da Angasanci, a babban gida ɗaya da Larabci da harsunan Buzaye. Fulatanci kuwa, duk da maƙwabtaka da auratayya ta ɗaruruwan shekaru, gidansa daban ne. Wanda ya yarda da wannan hanya a kan harsuna, da wane dalili zai ƙi ta a kan dabbobi?

Shaidu Daga Dajinmu

Mu fara da kura. Tana farauta da gudu, faratanta ba sa komawa ciki, muƙamuƙinta na fasa ƙashi ne, ga ta kuma da siffar kare. Amma da aka duba ginin ƙashin da ke rufe cikin kunnenta, aka kuma karanta ƙwayar gadonta, sai ga ta a ɓangaren kyanwa da zaki da damisa, kuma tunku ya fi kare kusa da ita nesa ba kusa ba. Kare yana can ɗaya ɓangaren tare da dila da yanyawa da kyarkeci, kuma rassan biyu sun rabu fiye da shekara miliyan 40. Kamar da ke tsakanin kura da kare kama ce ta sana'a, kamar yadda za ka tarar da maƙerin Kano da maƙerin Indiya duk da ƙarfin dantse da baƙin tafin hannu, alhali ba su haɗa ko kakan kaka ba.

Gara da tururuwa su ma sana'a ce ta haɗa su: kowace tana zaman gari, da sarauniya da ma'aikata da dakaru. Amma a 2007 wasu masana na gidan tarihin halittu na Landan suka nuna, da shaidar ƙwayar gado, cewa gara reshe ce a cikin dangin kyankyaso. Tururuwa kuwa danginta su ne ƙudan zuma da rina da zanzaro, kuma ko yaro ya duba siririn ƙugunsu zai gani. Ɗan tururuwa da tsutsa yake farawa, ɗan gara kuwa yana ƙyanƙyashewa da siffar manyansa, kamar dai ɗan kyankyaso.

Jaɓa da ɓera, a haƙori ake raba su. Ɓera da gafiya da kurege suna da haƙoran gaba guda biyu sama biyu ƙasa, masu tsiro har mutuwa, shi ya sa ba sa rabuwa da gwaigwaya. Jaɓa ba ta da su, nata ƙanana ne masu tsini na cin ƙwari, kuma 'yar'uwarta ta kusa ita ce bushiya. Beguwa kuwa, wadda kowa ke haɗa ta da bushiya saboda ƙaya, haƙoranta na ɓera ne, kuma a gidan ɓera take. Wato masu ƙayar biyu ba dangi ba ne, kowace ita da wanda ba a zata ba suka fito ɗaki ɗaya.

Ayu na kogin Binuwai da Neja, wanda aka mai da shi kifi, danginsa na kusa a doron ƙasa su ne giwa da rema, wato 'yar dabbar nan ta kan duwatsu da ba ta fi zomo girma sosai ba. Ayu da giwa duk nononsu a ƙirji yake kusa da hammata, duk ukun kuma marainan namijinsu a cikin ciki suke. A 1998 masana suka haɗa su da dabgi da wasu ƙananan dabbobi a babban gida ɗaya da suka raɗa wa sunan Afirka, domin a wannan nahiya tsatsonsu ya tashi. Shin wannan ba labari ba ne da ya cancanci marubucin Afirka ya ba ɗan Afirka? Ita kuma dorina, a duk dabbobin da ke raye yau ba ta da ɗan'uwa na kusa kamar wel na teku. Ƙwayar gado ce ta fara faɗin haka, sai a 2001 aka tono ƙasusuwan kakannin wel masu ƙafa huɗu a Pakistan, aka tarar ƙashin idon sawunsu irin na dabbobi masu rababben kofato ne.

A tsirrai ma haka abin yake. Tun 1998 masana suka tara kuka da rimi da goro da lalo a gida ɗaya da kuɓewa da rama da yakuwa da auduga. Uwargidan da ta san yauƙin kuka da na kuɓewa da na lalo, ta riga ta taɓa wani gefe na wannan dangantaka da ludayinta. Dankalin Hausa da dankalin Turawa kuwa suna ne kawai ya haɗa su: na Turawa ɗan gidan tumatir ne da barkono da gauta da taba, na Hausa kuwa gidansa daban.

Rukunan Da Suka Rushe

A nan ne magana ta fi zafi, domin ta taɓa abin da aka saba haddacewa. An saba kasa dabbobi masu ƙashin baya gida biyar: kifaye, dangin kwaɗi, masu jan ciki, tsuntsaye, da masu shayarwa. Idan aka ɗora ƙa'idar Hennig ta biyu a kan wannan jeri, gida biyu ba sa tsayawa.

Ɗauki masu jan ciki, inda aka zuba kada da kadangare da maciji da kunkuru. Kada ya fi kusa da kaza a kan kusancinsa da kadangare. Ginin ƙoƙon kai ya nuna haka, ƙwayar gado ta nuna haka, har ɗabi'a ma ta ba da nata goyon baya, domin kada na yin sheƙa, yana gadin ƙwai, 'ya'yansa suna kuka tun suna cikin ƙwai uwa ta zo ta tone su. Kada da tsuntsu kakansu ɗaya kimanin shekara miliyan 250 da suka wuce. Reshe ɗaya ya ba da kadoji, ɗayan ya ba da dabbobin nan na da can da ake kira dinoso, kuma daga cikin dinoso tsuntsaye suka fito. A 1861 aka samu a Jamus ƙasusuwan wata halitta da suka zama dutse, mai gashin tsuntsu amma da doguwar jela ta ƙashi, daga 1996 kuma aka shiga tono dinoso masu gashin tsuntsu a lardin Liyawnin na ƙasar Sin. Ba sai an je nesa ba ma: a Gadufawa, cikin hamadar jihar Agadas ta Nijar, an tono ƙasusuwan rassan biyu a cikin rairayi ɗaya, wato wani ƙaton ɗan'uwan kada mai tsawon mita 9 ko fiye, da kuma dinoso mai cin ganye wanda a 1999 aka raɗa masa sunan ƙasar Nijar. To rukunin da ya ɗauki kada ya bar tsuntsu, daidai yake da mai lissafin zuriyar wani dattijo ya tsallake ɗa ɗaya don kawai ya yi arziki ya sauya tufafi.

Kifi ma haka. Gaiwa, wadda masunta da manoman fadama suka sani tana shigewa cikin laka da rani ta naɗe kanta har ruwa ya dawo, huhu gare ta, kuma in aka hana ta leƙowa ta shaƙi iska sai ta mutu a cikin ruwa. Ta fuskar nasaba, gaiwa ta fi kusa da saniya a kan kusancinta da karfasa, domin daga reshen su gaiwa ne dabbobi masu ƙafa huɗu suka fito. Mun san wannan magana za ta sa wasu dariya. A ƙarshen shekarun 1970 masana a Ingila ma sun yi ta cacar baki a kanta, amma shaidu suka taru har masu dariya suka yi shiru.

Amsa Ga Masu Suka

Za a ce mana, "To yanzu sai mu je kasuwa mu ce a ba mu 'yar'uwar saniya?" A'a. A bakin mai tallan kifi gaiwa kifi ce, a tukunya ma kifi ce, kuma babu mai ja da wannan. Harshen yau da kullum yana kasa abubuwa bisa amfaninsu, kuma yana da gaskiyarsa. Mai tatsuniya ya bar jemage yana yawo tsakanin tsuntsaye da dabbobi, mawaƙi ya kira kura abin da ya ga dama, ba mu da ƙara a kansu. Ƙararmu tana kan wanda ya ɗaga alƙalami ya ce ga abin da kimiyya ta ce, sannan ya kawo abin da ba ta ce ba. Wannan shaidar zur ce, ko da an yi ta da kyakkyawar niyya.

Za a ce kuma masanan nan ba su da tsayayyar magana, yau su ce kaza gobe su ce kaza. Gaskiya ne suna sauyawa. Bagaruwa da dakwara sun daɗe suna amsa sunan Latin ɗaya da ɗaruruwan itatuwan Ostireliya, sai bincike ya nuna ba zuriya ɗaya ba ce, aka raba su, aka ba namu sababbin sunaye, kuma taron masana tsirrai na duniya da aka yi a Melbon a 2011 ya tabbatar da barin tsohon sunan ga na Ostireliya, duk da ƙorafin masana da yawa na Afirka. Amma alƙalin da ya sauya hukunci saboda sabuwar shaida ta bayyana, shi ne adali. Wanda ya kafe kan hukuncin jiya bayan shaidu sun ƙaryata shi, ba a yaba masa da tsayuwa kan magana ɗaya. Aikin marubuci shi ne ya faɗi inda magana ta tsaya yau, ya faɗi shekarar, ya kuma faɗi hujjar.

Sai masu cewa Hausa ba ta da kalmomin ɗaukar wannan ilimi. Wannan ita ce mafi raunin hujjoji. Harshen da ke da tsatso da salsala da zuriya da jinsi da iri da dangi da reshe, harshen da ya bambanta 'yan ɗaki da 'yan uba, ya san jika da tattaɓa-kunne da taubashi, shi ne za a ce ya rasa bakin maganar nasaba? Tun 1916 Dalziel ya tattara sunayen tsirrai na Hausa a littafi guda, ƙamusun Bargery na 1934 kuma cike yake da sunayen dabbobi da tsuntsaye da kifaye. Tun kafin samun mulkin kai Abubakar Imam da Rupert East suka rubuta Ikon Allah domin bayyana halittu da Hausa. Su sun yi nasu da ilimin zamaninsu. Abin tambaya shi ne, ina na wannan zamani?

Saura babbar magana, wadda yawanci ita ce ke ɓoye a bayan sauran, wato tsoron kada a taɓa addini. Ba za mu kauce mata ba. Wannan tsari na jera halittu an gina shi ne a kan ra'ayin juyin halitta, kuma masana fannin suna sanya jikin ɗan'adam cikin masu shayarwa, kusa da birai. Mu ba malaman fatawa ba ne, kuma maganar halittar Annabi Adamu, Alaihis Salam, muna barin ta ga ma'abota ilimin addini, su ne da hakkin yin bayani a kanta. Amma akwai abubuwa biyu da ya kamata a sani. Na ɗaya, wanda ya fara jera mutum kusa da birai shi ne Liniyas, ɗan limamin coci, mai imani da Mahalicci, fiye da shekara 100 kafin littafin Darwin, kuma ginin jiki kawai ya duba. Na biyu, maganar nan da ta cika gari cewa masana sun ce biri ne ya haifi mutum, ba haka suka faɗa ba. Abin da suka ce shi ne tarayya a tsatso mai nisa. Ko mutum zai karɓa ko zai yi raddi, wajibi ne ya fara kawo maganar yadda masu ita suka faɗe ta, kamar yadda malamanmu na da suke kawo hujjar abokin jayayya cikakkiya kafin su warware ta. Sa'an nan kuma ba mu ga dalilin da zai sa, saboda mas'ala ɗaya da ke buƙatar malamai, a hana yaro sanin cewa gara dangin kyankyaso ce ba. Yaron da aka ɓoye wa magana a gida zai je ya same ta a wayar hannu, daga bakin wanda bai damu da tarbiyyarsa ba.

Amfanin Abin

Kada wani ya ɗauka wannan wasan ƙwaƙwalwa ne na 'yan boko. A 2016 wata tsutsa da ta samo asali daga Kudancin Amurka ta cinye gonakin tumatir a Kano da Kaduna da maƙwabtansu, har gwamnatin Kaduna ta ayyana dokar ta-ɓaci a kan lamarin. Wannan tsutsa tana rayuwa a kan dangin tumatir, irin su gauta da dankalin Turawa da taba. Manomin da ya san wannan dangantaka ya san cewa cire tumatir a shuka gauta a gurbinsa bai yanke wa ƙwaron abinci ba, ya san kuma abin da ya kamata ya juya gonarsa da shi.

A wannan shekara ta 2016 kuma aka samu yara da cutar shan inna a jihar Borno, bayan an yi shekara biyu ba a ga cutar a Nijeriya ba. Tambayar da ta tashi ita ce, shigo da ita aka yi daga waje ko kuwa tana nan a ɓoye? Da aka karanta ƙwayar gadon cutar aka jera ta a bishiyar danginta, sai aka ga jikar wadda aka gani a Borno ce a 2011, wato ta yi shekara biyar tana yawo a inda ma'aikatan rigakafi ba sa iya shiga. Wannan sani ya nuna inda za a dosa, kuma a watan Agusta na 2020 aka ayyana Afirka ta rabu da ƙwayar shan inna ta daji. Hanyar da aka bi wajen gano asalin wannan ƙwaya, ita ce dai hanyar da ta raba kura da kare.

Abin Da Muke Nema

Muna kira ga ƙungiyarmu da ta ɗauki wannan a matsayin aikinta. A kafa ɗan kwamiti da zai haɗa marubuta da malaman kimiyyar halittu, a gayyato mafarauta da masunta da masu maganin gargajiya, domin su ne ke riƙe da sunayen da ke neman ɓacewa, a daidaita kalmomin da za a riƙa amfani da su, a buga su a wannan mujalla kowa ya gani ya yi gyara. Masu tace littattafai su riƙa tura duk rubutun da ya shafi kimiyya ga wanda ya san fannin kafin a kai maɗaba'a, kamar yadda ba a buga littafin fiƙihu sai malami ya duba. Matasa masu neman abin rubutawa kuma, ga fili nan a buɗe: labarin giwa da rema da ayu kaɗai ya isa littafin yara guda, labarin Gadufawa ya isa wani.

Ga wanda kuma zai ci gaba da rubuta cewa kura 'yar'uwar kare ce bayan ya ji wannan bayani, muna roƙonsa ya kawo hujjarsa a fitowa ta gaba, mu kuma a shirye muke mu saurara. Allah Ya ƙara mana ilimi mai amfani, Ya sa alƙalumanmu su zama shaidun gaskiya, amin.